Rantsuwar Barmo Maigizo da Ayu

Tun zamanin da fatake ke ratsa Kurmi a ƙafa, an yi wani maharbi mai suna Barmo. Kirarinsa shi ne: Barmo na Tasalla, ɓauna ta ji warinka ta sake hanya. Gwani ne, amma akwai shi da taurin kai.

Wata rana a taron maharba, wani masunci ya yi masa gori, ya ce, "Ka gama da namun tudu, to ina ayu?" Ayu dai dabbar ruwa ce mai cin ciyawa, ga girma ga kunya, da wuya a gan ta. Nan take Barmo ya rantse aska ba za ta ƙara taɓa kansa ba sai ya soke ayu.

Ya shekara bakwai yana bin kogi ya yi kudu, gashi ya cukurkuɗe har aka koma kiransa Maigizo. Gida tara da yunwa ta kora suka bi shi, har suka iso inda ƙasa ta ƙare, teku ta tare gaba. A can suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Itatuwa na tsaye a cikin ruwa da saiwoyi a waje, aku sun fi kurciya yawa, kaguwa na hawa bishiya, kunkuru kuwa ya kai faɗin tabarma. Nama ga shi nan har a bakin bukka, sai dai ruwan sha ne babu. Duk ramin da suka haƙa, gishiri ne. A kwana na huɗu yara suka daina ko kuka.

Tasalla, matar Barmo, ta ce, "Maigida, kai ka kawo mu. Ba nama muke so ba, ruwa."

Da hantsi ya shiga fadama da mashi, ruwa iya ƙirji. Sai ga ayu ta ɗago hanci, kamu uku tsakaninsu. Ya ɗaga mashi cike da murna. Amma idon maharbi ba ya rasa lura. Ya ga ta nufi gindin wata gaɓa ta kafa baki, ba ciyawa take ci ba, sha take yi. Me dabbar da ke cikin ruwa za ta zo nema a nan? Ya san in ya soke ta jini zai gauraye wurin, ba zai ƙara gane shi ba. Ya sauke mashin, ya jira ta tafi, ya ɗebo da tafi ya kurɓa. Ruwan daɗi ne, yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

A bayan gaɓar nan suka haƙa rijiya, garin Tungar Maigizo ya kafu. Barmo ya tara jama'a ya ce, "Duk wanda ya taɓa ayu a ruwan nan, ni ya taɓa."

Da ya tsufa, malamai suka ce ya yi kaffara ya aske. Ya ce, "A'a, ku bar min kayana. Duk wanda ya ga gashin nan ya san ayu tana da rai."

Da gizonsa aka binne shi. Har yau in za a yi wa jinjiri askin suna a garin, da ruwan rijiyar ake jiƙa kansa, wanzami kuma sai ya bar tukku ɗaya a ƙeya. Suna cewa wannan na ayu ne.