Katuna Uku da Suka Ɓata daga Kwalin Takalmi

Akwai wani tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, 'yan unguwa suna kiransa Baba Kati. Ƙarƙashin gadonsa kwalayen takalmi ne a jere, kowanne maƙare da ƙananan katuna. Kowace kalma da katinta: ma'anarta, inda ta fito, da hanyar da ta biyo. Shekara tara ya yi yana wannan aiki, ko sha ɗaya ce, na kasa riƙewa. Burinsa ya fitar da ɗan littafi kafin ƙasa ta rufe idonsa.

Da hannunsa ya soma rawa, sai ya riƙa kai katunan shagon buga takardu na bakin titi. Wata ma'aikaciyar shagon ce ke buga masa, mijinta ya rasu, da wannan aiki take ciyar da 'ya'ya biyu.

Kalmar da ya fi ƙauna ita ce pursue. Yakan ce daga Latin ta taso, ta ratsa ta Faransanci, kuma farkon shigarta Turanci tana nufin bin mutum da mugun nufi. Daga baya ta yi laushi, har ta zama fafutukar neman ilimi ko wani buri. Katuna uku ya yi mata.

Wata Talata, ina jin Talata ce, aka dawo masa da kwali babu ukun nan.

"'Yata, ina katunana uku?"

"Suna nan, Baba. Ka ba ni kwana biyu." Ba ta ɗago kai ba.

Rashin ɗagowar nan ya tsaya masa a rai. Da ta tashi aiki da yamma, ya ɗauki sandarsa ya bi ta, yana raɓewa bayan motoci. Ta wuce kwanar gidanta. Ta shiga gidan Dogo.

Dogo tsohon abokin aikinsa ne. Shekara ashirin suna musu kan kalmomi a ɗakin malamai, kuma an ce shi ma littafi yake rubutawa.

A gida babbar 'yarsa ta ce, "Baba, ka tambaye ta tukuna mana."

"Na gani da idona, me zan tambaya?"

Da safe ya isa shagon, ɗalibai cike suna jiran takardunsu. Ya buga sanda a ƙasa. "Ɓarauniya! Wahalata kike kwasa kina kai wa Dogo!"

Mai shago ya ce mata, "Tashi daga kujerar nan."

Ta ce a hankali, "Baba, mu ɗan fita waje."

"A nan za ki faɗa, kowa ya ji!"

Ta zaro katunan daga jaka. "Na farko ka ce Latin. Na biyu ka ce Girka. Na uku tarihin wata kalma daban ka rubuta a kai. Ban san wanda zan buga ba, kuma Dogo ne ke da babban ƙamus. Kwafa na yi da hannuna, na ce wani ɗalibi ne ya tambaye ni. Ko rubutunka bai gani ba. Na farkon ne daidai."

Baba Kati ya kara katunan kusa da ido. Rubutunsa ne, duka ukun. Bai tuna ranar da ya rubuta biyun ƙarshe ba. Ashe ta daɗe da lura kansa ya soma zubar da abubuwa, tana rufa masa asiri. Ya juya ya fita. Ita ma mai shago ya ce ta je gida, tunda kunnuwa da yawa sun ji.

Washegari ya dawo, ya sunkuya wajen mai shago, ya raɗa masa cewa kuskure ya yi.

Mai shago ya ce, "Baba, jiya har mai facin taya na tsallaken titi ya ji ka. Yau ni da nake gabanka ma ban ji ba."

Tsohon ya juya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga murya: "Jama'a, matar nan ba ta sace mini komai ba! Ni ne na soma mantuwa, ita ta rufa mini asiri!"

Aka aika aka kira ta. Ta zauna, ta gyara kujera, ta miƙa hannu. "Baba, kawo kwali na gaba. Amma daga yau tare za mu riƙa dubawa."

Darasi: Kafin ka bi sawun mutum da zargi, ka tambaye shi, ta yiwu aibinka yake rufewa. In kuwa ka ɓata shi da babbar murya, da babbar murya za ka wanke shi. Ku tura wa wani, ko Allah zai sa ya tsaya ya yi tambaya.