Zaren Igiya a Ƙarfen Bayan Mota

Ya 'yan uwa, ni na fara gani. Kafin manaja, kafin 'yan sanda, kafin mutumin inshora da jakarsa. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce ban gaishe shi ba. Amma shekara talatin da ɗaya na yi a kan sitiyari, goma sha biyu ina gadi a bakin get. Mota ba ta yi mini ƙarya.

An yi wani mutum, direba a kamfanin ruwan roba da nake gadi. Muna ce masa Ba-Komai, don duk abin da ka gaya masa amsarsa ke nan. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, ga albashi, ga farar motar kaya sabuwa fil an damƙa masa amana. Me kuma ɗan Adam yake nema?

Ranar da aka ba shi makulli aka ba shi takardar doka. Ni ma ina da irinta, 'yata ta karanta mini sau uku har na haddace. Motar kamfani ba ta jan wata mota, ko ta ubanka ce. In mota ta mutu a hanya, a kira masu janwe. Inshorar da aka yanka ta ɗaukar kaya ce, da ka ɗaura igiya ta sauka daga kanka. Shi da ya yi boko ya karanta, ya yi murmushi, ya sa hannu.

Wata safiya ina zagaya motoci kafin su fita, na sunkuya a bayan tasa. Sai ga zare shuɗi na igiyar leda maƙale a ƙarfen baya. Fentin wurin ya goge har yana ƙyalli. Katan ɗin ruwa ba ya goge fenti a nan.

Na ce, “Ba-Komai, wa ka ja jiya?”

Ya ce, “Ba komai, Baba. Taimako ne.”

Na ce, “Taimakon da ake cusa maka wani abu a aljihu in an gama?”

Ya ce, “Baba mai yatsa takwas, ka kula da get ɗinka.”

Na ɗaga masa hannun. Yatsu biyun nan igiyar jan mota ce ta cinye su, ta tsinke ta dawo kamar bulala. Mu uku ne a wurin, ni kaɗai na tashi da ƙafata. Ya ce zamaninmu daban, ya tayar da mota.

Na kai magana gun manaja. Aka kira shi, ya rantse da Allah igiyar ɗaure kaya ce. Manaja ya ce mini, “Baba, idonka ya fara gajiya.” Idona! Daga ranar benci ya gagare ni zama. In ya fita sai in yi ta leƙen titi, in ya dawo in sunkuya. Ƙyallin nan kullum ƙara faɗi yake yi. Wa zan gaya wa kuma?

Rannan da la'asar motar yayan matarsa ta mutu a kan tudu, sama da kasuwa. Matar ta kira shi. A gaban suruki zai ce doka ta hana? Shi da ake ce wa mai babbar mota? Ya zo ya ɗaura igiya, surukin ya zauna a sitiyarin matacciyar, suka kama gangara.

Ku da kuke tuƙi kun sani, in inji ya mutu birki sai ya zama dutse. Ta baya ta fara bin ta gaba, igiya ta saki. Ba-Komai ya hango ta a madubi tana zuwa, ya taka totur. Igiya ta miƙe gaba ɗaya, ta tsinke. Matacciyar mota ta karkace, ta afka shagon wani tela yana zaune a kan keken ɗinkinsa. Ƙafar tela ta tafi. Sitiyari ya farfasa wa suruki haƙarƙari.

Kun san abin da ya fara yi da ya sauko? Bai je gun tela ba, bai je gun suruki ba. Ya kwance guntun igiyar ya wurga a kwata, ya ce shi wucewa yake yi.

Bayan kwana uku mutumin inshora ya zo. Bai tambayi kowa komai ba. Ya sunkuya daidai inda nake sunkuyawa, ya sa farce ya zaro zare shuɗi. Ya miƙe ya ce wa manaja, “Jan mota ne wannan, ba mu yanki inshorarsa ba.” Manaja ya kasa haɗa ido da ni.

Kamfani ya nuna wa kotu takardar da Ba-Komai ya sa wa hannu, ya karɓe makullinsa. Jinyar tela da shagonsa suka hau kansa shi kaɗai. Ya sayar da gidan da ya gina har ya kai linta. Matar ta kwashe yara ta tafi jinyar yayanta, yau shekara biyu ba ta dawo ba. Babu mai ba shi mota, ko ta wanki. Na gan shi makon jiya yana dakon katan ɗin ruwa a kasuwar nan ta gindin gangara. Na ce, “Ya jiki, ya gida?” Ya buɗe baki zai ba ni amsar da ya saba, sai ya sunkuyar da kai.

Ya 'yan uwa, ba taimako ne ya kashe shi ba. Da abin hannunka ake taimako. Wanda ya yi kyauta da abin da aka ba shi ajiya, cin amana ya yi, ko da an yi masa godiya. Ya ci amana, ya bi ta da rantsuwar ƙarya, ya bar mutum cikin jini yana ɓoye igiya. In an ba ka makulli da sharaɗi, sharaɗin ka riƙe kafin makullin.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare ƙafafun bayinsa daga gangancinmu, ya ba tela lafiya.

Wanda kuma yake ganin tsoho ya ƙara gishiri, da aka canza ƙarfen nan ni na roƙe shi, yana nan ƙarƙashin bencina. Ya zo da bokonsa ya shafa wurin da ya goge. In bai gamsu ba, ga hannuna, ya ƙirga.