Kura da Ƙarfen da Ba Ya Son Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

Kunkuru maƙeri ne. Yana da wani ƙarfe mai taushi da yake ajiyewa cikin tulun mai, in an yanka shi da wuƙa sai ya yi ƙyalli. Wata rana Kura ta gani, ta ce, "Malam Kunkuru, me ya sa kake jiƙa azurfa a mai?"

Ya ce, "Ba azurfa ba ce, Kura. Zinariya tana shekara a ruwa lafiya lau, baƙin ƙarfe kuma a hankali yake tsatsa. Wannan kuwa ko ɗigon ruwa ya taɓa shi, wuta ce."

Kura ta ɗauka rowa ce. Da ya juya, ta tsamo ƙarfen, ta goge man, ta goya shi a baya, ta nufi gida.

Sai hadari ya haɗo. Kunkuru ya leƙa tulu ya ga wayam. Ya bi ta yana kira, "Yar da shi, Kura, kada ki kai wa yaranki."

Ta ƙara sauri. Tana dab da raminta, 'ya'yanta sun fito taryarta, yayyafi ya sauko. Ta ji bayanta yana tafasa. Ta dubi yaran, ta juya da gudu ta yi daji. Can ƙarfen ya kama da wuta, ya tarwatse a jikinta.

Yaran sun tsira. Ita kuwa tabon ƙunar nan ne dabbare-dabbaren da kuke gani a jikinta har yau.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na shirga muku ƙarya.