Dogo Ya Rufe Ido

Akwai wani mutum da ake kira Dogo, ma'aikacin tsaro a wani babban kanti mai hawa biyu. Aikinsa zama a wani ƙaramin ɗaki marar taga, yana kallon allunan kwamfuta da ke nuna kowane lungu na kantin.

Dokar aikin a bayyane take. Mutum biyu ne za su riƙa karɓa-karɓa: ɗaya ya kalli allo, ɗaya ya fita ya hutar da ido, ya miƙe baya. Amma shugaban masu tsaron ya mayar da abokin aikin Dogo ɗan aikensa. Yau wankin mota, gobe kai saƙo gida.

Dogo ya zauna shi kaɗai, wata da watanni. Idonsa ya yi ja, yana zubar da ruwa, wuyansa ya sandare. Ya je ya roƙi shugaban.

"Yallaɓai, idona yana yaji. Ko a bar min abokina mu riƙa canji yadda doka ta ce?"

Shugaban ya tuntsire da dariya a gaban mutane. "Kai Dogo, ana biyanka kallon talabijin kana kuka? Dokar banza! Waɗanda ke tsaye a rana su ce me?"

Likita ya gaya wa Dogo cewa in bai sassauta ba, ciwon zai zauna masa. Ya dawo da wannan magana, shugaban ya ce ƙofa a buɗe take. Dogo mai iyali ne, ya haɗiye. Amma abin da aka haɗiye da ɗaci ba ya narkewa.

Wata rana da hantsi matar shugaban ta zo sayayya da 'yarsu ƙarama. Cikin cunkoso yarinyar ta suɓuce mata. Shugaban ya faɗo ɗakin Dogo yana haki.

"'Yata! Riga ja! Duba min ita!"

Dogo ya riga ya gan ta. Tana can a ƙaramin allo na ƙasa, zaune lafiya lau kusa da wurin kayan wasa, tana lilo da ƙafa. Ya dubi mutumin da ya yi masa dariya, ya jingina da kujera, ya rufe ido.

"Yallaɓai, lokacin hutun idona ne. Doka ce."

"Ka haukace ne?"

"Ai kallon talabijin ne kawai. Ga kujera, bismillah."

Shugaban ya duƙa kan allunan. Mutane birjik, kowa ƙanƙane, kowa yana motsi. Nan da nan idonsa ya cika da ruwa, komai ya gauraye masa. Sai ya durƙusa a ƙasa, ya kama gwiwar Dogo.

"Don Allah, ɗan'uwa. Na zalunce ka, na sani. Ita ba ta yi maka komai ba."

Dogo ya bar shi a durƙushe. Ya saurari muryar nan mai tsawa tana rawa, ya ji wani sanyi a ƙirji wanda ya daɗe yana jira. Da ya ƙoshi, ya buɗe ido, ya miƙa yatsa zuwa ƙaramin allon.

Babu kowa a wurin.

Ya duba na sama, ya duba na gefe, yana murza ido. Can sai ya hango jar riga a allon ƙofar waje, a bakin titi, mutane na rugawa suna kewaye ta. Babur ya buge ta.

Yarinyar ta rayu, amma ƙafarta ba ta koma daidai ba. Da aka yi bincike, an kori shugaban saboda ya karya dokar karɓa-karɓa. Dogo bai gaya wa kowa cewa ya gan ta tun farko ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. An kawo masa abokin canji, idonsa ya warke.

Sai dai har yau, in ya fita hutun ido, ba ya iya rufe idon.

Darasi: Dokar hutu ga mai aiki a gaban allo haƙƙi ce, wanda ya danne ta yana haƙa ramin da bai san wa zai faɗa ba. Kai kuma da aka zalunta, kai kukanka inda ya dace, domin ramuwa makauniya ce, ba ta tantance mai laifi da ɗansa. Ku tura wa shugabanninku da abokan aikinku.