Igiya Uku da Sanduna Shida

Akwai wani manomi da Allah ya ba shi dawa mai kyau a wata shekara, ya zuba ta a rumbu. Ita ce abincin gidansa har kaka, ita ce kuma irin da zai shuka. Ga damina ta matso, rumbun kuwa ba jinka.

Sai ya sari sanduna shida ya haɗa tsaiko, wato ƙashin rufin, ya ɗaure kowace sanda da ta kusa da ita da igiya ɗaya. Igiya uku suka rage a hannunsa. Ya duba, ga tsakani shida, ga igiya uku. To, ya za a yi? Sai ya ninka ɗaurin a wuri uku, yana tsallake ɗai-ɗai, ya baibaye da ciyawa, ya sauko yana jin shi gwani ne.

Iskar hadarin farko ba ta taɓa wuraren da ya ninka ba. Inda igiya ɗaya take, nan ta kwance, ruwa ya jiƙa saman dawar. Ran manomin ya ɓaci ƙwarai. Ya shanya abin da ya jiƙe, ya sake hawa, ya cire igiyoyin nan uku ya mayar da su inda ya kwance. Dabara ke nan, wai! Hadari na biyu ya zo ya buɗe wuraren da aka ɗauke wa igiya.

Matarsa ta ce, “Maigida, a kai dawar nan kasuwa tun ba ta ruɓe mana ba. Igiyarka ba ta isa ba.”

Ya ce, “In na sayar, me yaran nan za su ci? Igiyar ta isa, ni ne ban iya rabo ba. Ba zan sauko ba sai na gane.”

Ya zauna can sama a bakin rumbun, rana na dukansa, gabas kuma ta fara haɗa baƙi. Can ya kwance igiyoyin uku, ya warware su, ya tufka su suka zama doguwar igiya guda. Ya zagaya da ita, ta bi ta kan kowace sanda, ya haɗa bakinta da gindinta.

Matar ta ɗaga kai daga ƙasa ta ce, “Yanzu wace sanda ce ta samu ƙarin?”

Ya ce, “Ba ta kowa ba ce, kuma ba wadda ta rasa.”

Iska ta taso da la'asar, ta fi ta baya ƙarfi. In ta tura sanda ɗaya, sai shidan su ja tare. Jinkar ta yi kuka, amma ba ta buɗe ba. Da ruwa ya ɗauke, ya zura hannu cikin rumbun, ya ji dawa a bushe, ya gode wa Allah.

Ma'anar wannan misali ita ce: abin da aka bar wa kowa ya fi abin da aka ware wa biyu-biyu riƙe gida. Har cikin ƙananan halittu Ubangiji ya sa wannan tsari. Malaman kimiyya suna koyar da wani sinadari, wai shi benzin, mai ƙwayoyin zarra shida da suka yi zobe. A kan allo sukan zana shi iri biyu, ɗauri mai ninki a nan ko a can, kamar ɗaurin manominmu na fari da na biyu. Amma sun ce ba ɗayan zanen da yake shi ne ainihinsa, ba kuma tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan ba. 'Yan ƙananan abubuwan da ke ɗaure shi, elektaron, na dukan zoben ne, shi ya sa yake da wuyar rushewa.

Sandunan nan mu ne, 'yan'uwa, igiyar kuma ƙauna ce. Na san halinmu a ikilisiyar nan: kowa da aminin da yake ninka wa gaisuwa da ziyara, na ɗaya gefen kuwa sai “sannu” a bakin ƙofa. Abin yana damuna. Gwaji in ya zo, ba ta wurin aminai yake shiga ba, ta wurin wanda aka bari da igiya ɗaya yake buɗe rufin, ruwan kuma kan dukanmu yake zuba. Canza amini ba zai gyara ba, manomin ya gwada. Ka juya ka dubi wanda ke ɗaya gefenka a bencin nan. In ba ka san inda gidansa yake ba, tambaye shi kafin mu yi addu'ar rufewa.