Kunkuru a Gindin Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

Dabbobin wani daji suka haɗa geronsu a rumbu ɗaya, kowa da kasonsa, suka naɗa Gafiya shugaba. Duk shekara 'yan kwamitin bincike su hau tsani, su leƙa ta sama, su ce rumbu cike yake. 'Yan kwamitin kuwa Ɓera ne da Kurege, surukan Gafiya.

Da masu kaso suka ce sai an sa nasu, Gafiya ta yi murmushi ta ce, "A sa Kunkuru." Ta san bai iya hawa tsani ba.

Ranar dubawa Kunkuru ya taka tsani, ya faɗo, ƙoƙon bayansa ya bugi gindin rumbu. Ana ta dariya, shi kuwa ya ji rumbu ya amsa kamar ganga.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, yaushe cikakken rumbu ya fara kiɗa?"

Ta ce, "Malam Kunkuru, mu ta sama muke dubawa."

Ya ce, "Ni kuwa a ƙasa Allah ya ajiye ni."

Ya sa aka huda gindin, ko ƙwaya ba ta zubo ba. Ashe faifai Gafiya ta kafa a bakin rumbu ta baza gero a kai, sauran yana raminta. Aka haƙo shi kaf. Tun ranar, duk wanda ya iya hawa tsani ba a sa shi a kwamiti.

Ƙurunƙus, kan Gafiya da surukanta.