Wayar Cikin Akwatin Barmo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da jita ta fara shiga ƙauyuka, samari suna jingine garaya suna rungumarta. Cindo ake ce masa, domin da yatsa shida aka haife shi a hannun dama. Sana'arsa harhaɗa akwatunan lasifika. Shi ne kafinta, shi ne mai liƙin waya, a zauren gidansa yake aiki, kuma duk yankin babu mai wannan sana'a sai shi. Ba attajiri ba ne, ba malami ba ne. Aibunsa ɗaya a idon mutane, ba ya sauri.

To, ku saurara.

A garin akwai wani makaɗi, Barmo Mai Jita, mai zaƙin murya da kaifin harshe. Ya taɓa kai wa Cindo gyara, aikin ya daɗe, ransa ya ɓaci, sai ya yi masa zambo:

"Cindo mai yatsa shida,
Biyar na barci, ɗaya na gyangyaɗi,
Kai masa aiki da kaka, ka karɓa da bazara."

Waƙa ta kama gari kamar wutar kara. Mata na daka da ita. Yara na raka Cindo da ita har ƙofar masallaci. Matarsa Tasalla ta daina zuwa biki, domin da ta shiga sai a fara ƙyafce, wata ta ɗaga yatsu shida ta yi hamma. Cindo ya ci gaba da aikinsa. Amma kada ku ɗauka mai shiru ba ya jin zafi. Yana ji. Abin na cinsa kamar gara a cikin azara.

Ana nan, ana nan, aka kawar da amfanin gona, kalankuwa ta matso. Samarin gari suka gayyato wani makaɗi daga gabas don ya kara da Barmo a dandali, kowa ya kafa akwatinsa, a ga wanda zai janye jama'a. Sai ga ƙaddara, akwatin Barmo ya suɓuce daga kan amalanke, ya dare gida biyu.

Ina za shi? Ba inda za shi sai zauren Cindo.

Barmo ya shigo ko sallamar kirki babu, ya dire lasifikar da ta tsira a kan tabarma.

"Malam Cindo, sabon akwati nake so kafin ranar wasa. Ka tashi yatsun nan duka shida su kama aiki."

"In Allah ya yarda."

"Kada ka laɓe mini a bayan in Allah ya yarda, mun san irin taka. In na kunyata a dandali, gari duka ya kunyata."

Cindo ya yanka katako, ya goge, ya haɗa, ya zaunar da lasifika a gurbinta. Saura waya, wadda za ta ɗauko sauti daga bayan akwati ta miƙa wa lasifika. 'Yar guntuwa ce, ba ta wuce kamu biyu ba. Da an ɗaure murfin baya, shi ke nan, ba mai sake ganinta.

A bangon zauren akwai naɗin waya biyu a rataye. Ɗaya jan ƙarfe ce zalla, silinta da yawa, dalma na kama ta ba ta saki. Ɗayar kuwa da ita aka cuce shi a kasuwar birni. Robarta da kauri, kyakkyawa a ido, amma in ka kankare silin da wuƙa sai ka ga fari fat, alminiyam ne aka shafa wa ja. Dalma ba ta riƙe ta da gaske. Za ta yi sauti in an gwada, ba wanda zai ji bambanci. Sai dai akwatin jita girgiza yake yi, in aka ƙure shi ya daɗe yana rawa, liƙin sai ya saki. Tun da Cindo ya gane ta bai taɓa sa wa kowa ba.

Yana tsaye gaban wayoyin nan, Tasalla ta leƙo da kwanon tuwo. Ta san labarin wayar, don ta sha jin mitarsa a kanta.

"Malam, na marar mutuncin nan ne?"

"Nasa ne."

"Wacce za ka sa masa?"

Ya ci gaba da kallon wayoyin.

"Ni dai ban ce ka yi komai ba. Waya ai waya ce. Ba sata ka yi ba, ba guba ka ba shi ba. Yana tsakiyar taƙama abin ya ɗauke, ya wangame baki jama'a su ji iska. Ya ɗanɗana ko sau ɗaya abin da nake sha a gidan biki. Wa zai sani?"

Ta ajiye kwano ta koma ciki.

Wa zai sani? Ku riƙe wannan tambaya, jama'a, da ita Shaiɗan ya fi cin kasuwa.

Cindo ya miƙa hannu ga ta kirki, ya janye. Ya miƙa ga ɗayar, ya janye. Ya fita ƙofar gida, ya dawo. Ya sha ruwa ba don ƙishi ba. Daidai nan wasu masu talla suka gifta suna rera "biyar na barci, ɗaya na gyangyaɗi," suna shewa. Sai ya fizgo ta alminiyam ɗin nan, ya yanka, ya liƙa. Ya shafa wa murfi gam, ya ɗaure shi tam. Ya gwada da rediyonsa, sauti garau.

I, ya sa ta. Ba zan ɓoye muku ba. Mutumin kirki ba mala'ika ba ne.

Amma tun daga wannan sa'a zama ya gagare shi. Ya zauna, tabarma kamar an shimfiɗa ƙaya. Ya kai loma baki, tuwo kamar ƙasa, ya ture kwanon. Ya ta da sallar La'asar, ya rasa ko uku ya yi ko huɗu. Ya juya akwatin ya fuskanci bango. Ya lulluɓe shi da buhu. Ya yaye buhun. Washegari ma haka, daga zaure zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Ya ce wa kansa, "Ai a birni irin wannan waya kowa ke sawa." Zuciya ta ce, "Su ba su sani ba, kai ka sani." Ya ce, "Shi ya fara." Zuciya ta ce, "Shi a fili ya yi maka, gaban kowa, da bakinsa. Kai kuwa a ɓoye, a cikin amanar da ya kawo har ɗakinka." Ya ce, "To, na riga na rufe. In na buɗe yanzu zan makara, kuma waƙarsa ta tabbata."

Ranar wasa da hantsi, ya hura garwashi, ya sa ƙarfen liƙi a wuta, ya ɗauki sukundireba. Gam ya riga ya bushe, sai da ya bi gefen murfin da kurfin sassaƙa a hankali don kada katako ya tsage. Yana cikin haka, akwati a wangale kamar an feɗe akuya, sai ga Barmo da 'yan amshinsa da amalanke.

"La ilaha illallahu! Ba an ce mini ka gama ba?"

"Na gama, na kwance."

"Don me?"

"Wayar ciki ba ta kirki ba ce."

"To, wa ya sa ta?"

Cindo ya ce, "Ni."

Barmo ya juya ga mutanen da suka fara taruwa, ya buga cinya. "Kun ji ko? Ya yi da dama, ya warware da hagu! Jama'a, in na yi waƙa ku ce na cika baki!" Ko a ransa bai kawo cewa da gangan aka yi ba. Ya zauna a dokin ƙofa, ya ɗora jita a cinya, nan take ya fara ƙaga sabon baiti, 'yan amshi na karɓa, mutane na riƙe ciki.

Cindo bai ɗaga kai ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ɓamɓare tsohon liƙi, ya goge wurin tas. Ya yanko jan ƙarfe, ya fere bakinta, ya murza silin wuri ɗaya, ya ɗora dalma ta narke ta shige. Ya ja ta da ƙarfi, ba ta motsa ba. Ya danne ta a jikin katako don kada ta riƙa kaɗawa. Ana ta dariya a kansa, shi kuwa yana jin wani nauyi na sauka daga ƙirjinsa. Azahar ta gota kafin ya ɗaure murfi. Barmo ya ɗora akwati a amalanke, ko na gode babu.

Bayan La'asar aka buɗe wasa. Cindo bai je ba, yana zaune a tsakar gida. Can sai sauti ya taso daga dandali, ya tsallake danni, ya cika unguwa, muryar Barmo tar kamar a kunne yake:

"Cindo ya ɗinka, Cindo ya farke,
Rana ta faɗi yana neman allura!"

Tasalla ta yi jifa da ludayi. "Ka ji sakayyarka! Da hannunka ka ƙara masa murya, yau har ƙauyenmu sai an ji!"

Cindo ya karkata kai, ya ɗaga mata hannu. "Dakata, Tasalla. Kin ji babbar tsirkiyar nan da ya kaɗa? Ko tari akwatin bai yi ba."

"Malam, kai fa ake zagi!"

"Na sani. Akwai sauran tuwo? Yunwa nake ji."

Ta harare shi. Ta ɗebo ta ajiye masa. Ya cinye, ya suɗe kwano, ya nemi ƙari. Aka yi ta wasa har rana ta faɗi, akwati bai ɗauke ba, Barmo ya janye jama'a kaf.

Na san kuna jira in ce Barmo ya dawo ya durƙusa yana neman gafara. Bai dawo ba. Har ya bar duniya bai san abin da aka shirya masa aka fasa ba. Gari bai daina waƙar ba, ba wanda ya yi wa Cindo kirari. Abin da ya samu shi ne ya ci abincinsa da daɗi, ya tsaya gaban Ubangijinsa ya san raka'a nawa ya yi. Wanda ya taɓa rasa waɗannan biyu ya san ba ƙaramin rabo ba ne.

Ga darasin, ku saurara da kyau. Ba a gane amanar mutum a wurin da ake ganinsa, ba a kuma gane ta a aikin da ya yi wa masoyinsa. Ana gane ta ne a aikin da zai rufe, wanda ya yi wa maƙiyinsa. Kai tela, akwai ɗinkin ciki. Kai magini, akwai abin da ka binne a ƙarƙashin yaɓe. Ke mai abincin sayarwa, kin san kwanon wanda kike jin haushi, kin san abin da kika zuba masa. In wani ya cuce ku, ku faɗa masa a fuskarsa, ko ku kai ƙara, ko ku bar wa Allah, amma kada ku rama a cikin abin da ya damƙa muku. In kuma kun riga kun rufe murfi a kan mugunta, kada kunyar mutane ta hana ku komawa. Ku buɗe da hannunku tun yau, ko da za a yi muku dariya a ƙofar gida, domin akwai ranar da za a buɗe ba tare da an nemi izininku ba.

Allah ya sa cikinmu ya fi wajenmu kyau.